Karɓa-karɓa da waken suya ko barin haro: wanne zai farfaɗo da gonar da ta gaji?

Manomin Giwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da dattawan manoma game da wata gona da muka gada a yammacin Zariya, mai faɗin kimanin hekta uku. A zamanin kakanmu dawa da gyaɗa da auduga ake juyawa a cikinta, amma tun lokacin mahaifinmu aka mayar da ita gonar masara zalla, kuma tun da tarakta ta samu a yankinmu ba a taɓa shiga damina ba tare da an buga mata haro ba, sannan shanu su biyo baya su yi huɗa. Da kaka mukan kwashe kara mu kai gida, abin da ya rage dabbobin gari su cinye, sauran kuma a tara shi a ƙone lokacin sharar gona.

Yanzu gonar ta sauya. Ƙasar da muka sani da duhu ta yi fari, idan aka yi ruwa mai ƙarfi samanta yakan daskare ya yi ɓawo har tsiro ya sha wahalar fitowa, ruwa kuma yakan kwanta a kwarin kunya maimakon ya nutse. Ƙuduji ya mamaye ɓangaren gabas, kuma duk shekara sai mun ƙara yawan kamfa da yuriya kafin mu sami abin da muke samu a da.

Shawara biyu aka ba ni, kuma sun saɓa wa juna. Wani ya ce in yi karɓa-karɓa, wato in shuka waken suya bana in dawo da masara baɗi, domin wake yana zuba wa ƙasa taki da kansa. Wani kuma ya ce haro ne ya kashe gonar, saboda haka in daina taɓa ƙasar gaba ɗaya, in yi feshin maganin ciyawa in shuka kai tsaye. Abin da ya sa na yi shakka shi ne, maƙwabcina ya noma waken suya a bara waccan, ya mayar da masara bara, kuma ya ce bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Shin da gaske ne wake yana gyara ƙasa, ko kuwa magana ce ta malaman gona kawai? Kuma idan na bar haro da huɗa, ba zan yi asarar damina guda ba?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, alamomin da ka lissafa duk na gonar da aka daɗe ana kwasa daga cikinta ba a mayar mata da komai ba ne, in ban da takin zamani. Zan taƙaita maganata a kan wake, in bar batun haro ga waɗanda suka fi ni saninsa.

Da gaske ne wake yana samar da taki, amma ya kamata a san yadda abin yake, domin a nan ne mutane da yawa suke yin zaton da ya wuce gaskiya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, wato sinadarin da kake saya a buhun yuriya, wanda shi kuma kashi 46 cikin 100 nasa ne naitirojin. Masara ba ta iya amfana da na cikin iska. Wake da waken suya da gyaɗa da gujiya kuwa suna ƙulla zama da wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa, waɗanda suke shiga saiwa su haddasa 'yan ƙullutai, a cikinsu su kama naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa su miƙa wa shukar, ita kuma ta ciyar da su. Kana iya duba wannan da idonka. Idan waken ya fara fure, ka haƙo gindi ɗaya a hankali ba tare da fizga ba, ka wanke saiwar, ka fasa ƙullutu ɗaya da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, aiki yana tafiya. Idan fari ne ko kore, ko kuma babu ƙullutan sam, to wannan waken yana cin takin ƙasarka ne kamar yadda masara take ci.

Abu na biyu, kuma ina kyautata zaton shi ne abin da ya sami maƙwabcinka, shi ne inda naitirojin ɗin yake ƙarewa. Ƙwayar waken suya kusan kashi 40 cikin 100 nata furotin ne, kuma da naitirojin ake gina furotin, saboda haka mafi yawan abin da shukar ta tara yana fita gonar a cikin buhun da aka kai kasuwa. Abin da ke zama rabon ƙasa shi ne saiwa da ƙullutai da ganyen da ya kakkaɓe kafin girbi da kuma ƙaiƙayi. Idan manomi ya tumɓuke waken da saiwarsa, ya kai shi bakin hanya ya sussuke, ya bar ƙaiƙayin can ko ya cinna masa wuta, me ya bar wa gonar? Gyaɗa ma ta fi tsanani a wannan fuska, domin ciranta ake yi ɗungurungum, 'ya'ya su tafi kasuwa, harawa ta hau kan rumfa. Karɓa-karɓa kamar adashi yake, wanda bai zuba ba ba shi da kwasa. Don haka a yanke waken suya da lauje a bar saiwar a ƙasa, a sussuke shi a cikin gonar idan hali ya yi, a kuma baza ƙaiƙayin a inda aka noma shi.

Abu na uku shi ne fosfaras. Ƙasashenmu na wannan yanki suna da ƙarancinsa, kuma ƙullutan nan ba sa aiki yadda ya kamata idan babu shi. Mutane sun ɗauka cewa tun da wake yana yin takinsa, ba ya buƙatar komai, alhali yuriya ce kawai ba ya buƙata. Takin supa shi ne abincinsa, ga fosfaras ga kuma sulfa da kalsiyam da gyaɗa take so wajen cika ƙwaya, kuma abin da waken bai cinye ba masarar baɗi za ta same shi. Waken suya a gonar da ta gaji ba tare da supa ba sai ya tsaya gajere, ganyensa ya koɗe, manomi ya ce an yaudare shi.

Game da iri, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ake kira IITA ta fitar da nau'o'in waken suya masu laƙabin TGx, irin su TGx 1448-2E da ya bazu a jihohin Kaduna da Kano, waɗanda aka tace su domin su iya ƙulla zama da bakteriyar da ke cikin ƙasarmu tun asali. Duk da haka akwai garin bakteriya da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, kamar Nodumax na ita IITA ɗin, kuma yana taimakawa ƙwarai a gonar da ba a taɓa noma waken suya a cikinta ba. A cuɗa a inuwa, a shuka a ranar, domin abu ne mai rai da zafin rana yake kashewa. Tun da kana kusa da Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan, kuma can ne ya fi dacewa ka nemi iri mai kyau da bayanin ma'aunin taki da ya dace da ƙasarka.

Sai ƙuduji, wanda a ganina shi ne babbar ribar karɓa-karɓa a gona irin taka, fiye ma da naitirojin. Gindi ɗaya na ƙuduji yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, waɗanda suke iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar shuka take fitarwa. Saiwar waken suya da ta gyaɗa da ta auduga suna fitar da irin wannan sinadari, sai irin ƙudujin ya tsiro, ya rasa saiwar hatsi da zai maƙale wa, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ka lura kakanku gyaɗa da auduga yake juyawa da dawa, kuma ba mamaki shi ya sa ƙudujin bai yi ƙarfi a zamaninsa ba. Amma damina guda ba za ta ƙarar da irin da ya taru shekara da shekaru ba. Ɓangaren gabas ɗin nan, da ni ne, sai in hana shi ganin masara ko dawa damina biyu a jere, kuma duk ƙudujin da ya fito a sauran gonar a cire shi da hannu kafin ya yi fure, a fitar da shi a ƙone. A kuma sani cewa wake yana da nasa ƙudujin daban, wanda ba ya taɓa hatsi, saboda haka mai son sa wake a maimakon waken suya ya nemi iri mai jure masa, kamar SAMPEA 10.

A ƙarshe, kada ka yi tsammanin za ka daina sayen yuriya. Masarar da ta biyo bayan waken suya da aka kula da shi tana fin wadda ta biyo bayan masara, kuma za ka iya rage taki, amma ragewa ce, ba dainawa ba.

Ɗalibin Kimiyyar Ƙasa ya amsa:

Baba ya gama magana a kan wake, ni kuma zan ɗan yi bayani a kan haro, tare da neman afuwa idan na tsawaita.

Wanda ya ce haro ya cuci gonar bai yi ƙarya ba. Ƙasa mai lafiya dunƙule-dunƙule take, 'yan ƙananan curi da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da zaren naman gwari suka ɗaure, kuma ta tsakaninsu ne ruwa da iska suke ratsawa. Faifan haro yana niƙe waɗannan curi su koma gari. Idan ruwan farkon damina ya sauko da ƙarfi a kan wannan gari da babu abin da ya rufe shi, ɗigon ruwan yakan watsa shi, ƙananan ƙwayoyin su toshe ƙofofin sama, idan rana ta fito su bushe su zama ɓawon da Malam ya ambata. Ban da haka, kowane juyi yana shigar da iska cikin ƙasa, ƙwayoyin halitta su yi saurin cinye ɗan ruɓin da ya rage, kuma a ƙasarmu mai zafi wannan ruɓi da ma sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Farin da ƙasar ta yi ke nan. Akwai kuma illar da ba a gani daga sama: idan tarakta tana bin gona duk shekara a zurfi ɗaya, musamman idan ƙasa tana da danshi, ƙarƙashin inda faifan yake tsayawa yakan danne ya yi tauri. Malam, bayan an yi ruwa mai kyau ka ɗauki rodi ka soka a wurare daban-daban na gonar. Idan ya shiga kamar taƙi ɗaya ya tsaya cak, amma a gindin shinge inda tarakta ba ta bi ya wuce, ka samo dalilin kwanciyar ruwan. Za ka kuma ga saiwar masara ta lanƙwashe ta bi gefe idan ka haƙo ta.

Sai dai shawarar cewa ka daina taɓa ƙasa ka yi feshi kawai rabin magana ce, kuma rabin da aka bari shi ne mafi muhimmanci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wannan salon noma a kan sharuɗɗa uku da suke tafiya tare: rage motsa ƙasa, rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na samanta da kara ko ganye, da kuma juya amfanin gona. Binciken da masanin kimiyyar ƙasa Rattan Lal ya yi a IITA ta Ibadan tsakanin 1970 da 1987, wanda yana cikin aikin da ya kai shi ga samun Lambar Abinci ta Duniya a 2020, ya nuna yadda barin kaftu tare da rufe ƙasa yake rage zaizaya matuƙa. Amma Ibadan ba Zariya ba ce. Can damina ta fi tsawo, ciyawa da kara sun wadata, yayin da mu muke da rani na wata shida ko fiye, wanda a cikinsa dabbobi da gara da wutar daji da masu neman makamashi suke share gona tas. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Nature a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe da yawa, ya gano cewa barin kaftu shi kaɗai yana rage amfani, kuma sai an haɗa shi da rufe ƙasa da karɓa-karɓa ne giɓin yake raguwa, har ma a wuraren da ruwan sama ya yi ƙaranci a sami ƙari.

Saboda haka, idan ka shuka masara kai tsaye a kan wannan ƙasa da ta daskare, tsirara, mai tauri a ƙarƙashi, tsoron da kake ji zai iya tabbata. Ita huɗa kuma ban sa ta a layi ɗaya da haro ba. A yankin da ake samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kunya tana ɗaga saiwar masara daga ruwan da ya kwanta lokacin marka, tana kuma binne ciyawa da takin gargajiya. Abin da nake ganin ya dace shi ne tsaka-tsaki. A fasa taurin ƙarƙashin sau ɗaya da garma mai haƙori lokacin da ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba, daga nan a sallami haro, a bar kunyoyin a matsayinsu shekara da shekara, ana ɗan tayar da su da shanu lokacin noma maimakon a rushe a sake. Idan gonar tana da gangare, kunya ta gitta gangaren, kada ta bi shi. Ƙone sauran kara lokacin sharar gona kuwa, wannan a bar shi tun bana, domin wuta tana tafiya da naitirojin da sulfa da ruɓin da gonar take nema, ta bar toka da iska za ta kwashe.

Feshin maganin ciyawa kayan aiki ne, ba shi ne gyaran ƙasa ba. Mai yin sa ya rufe jikinsa da hancinsa, ya bi ma'aunin da aka rubuta, kuma ya tabbatar maganin da ya yi wa masara bara ba irin wanda saurarsa ke cutar da wake ba ne.

Baƙo daga Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga jama'a baki ɗaya. Ni ƙasarmu ta bambanta da ta mai tambaya, amma ina ganin abin da muke gani a nan zai ƙarfafa maganar ɗalibin da ya riga ni. Mu jigawa muke nomawa, da ruwan da bai fi rabin na Zariya ba, kuma da yawan manomanmu ba su taɓa kaftu ba tun kaka da kakanni: a sara rami da sungumi, a jefa hatsi, a rufe da diddige, a yi noma da hauyar tsaye da ke yanke ciyawa a sama-sama. Da a ce barin kaftu shi kaɗai yana gyara ƙasa, da gonakinmu sun fi na kowa ƙarfi, kuma ba haka abin yake ba. Gonar da aka share karanta tas, iskar da ke gabatar ruwan farko takan kwashe samanta ta binne tsiro da rairayi. Wadda aka bar wa kara a kwance kuwa, za ka ga rairayi da ƙura sun taru a jikin kowane kara, gara ta huda ƙasa a ƙarƙashinsa, kuma a nan ne hatsi yake fin kyau. Gwaje-gwajen shekaru da aka yi a tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun tabbatar da abin da manomi yake gani: kara da ɗan takin fosfaras tare sun fi kowane ɗayansu shi kaɗai, kuma hatsin da ya biyo bayan wake ya fi wanda ya biyo bayan hatsi.

A jihar Tawa, wajen Illela, inda ƙasa ta zama fako har ciyawa ba ta fitowa, haƙa ce ta farfaɗo da ita. A 1989 wasu manoman yankin suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka inganta tassa: a haƙa rami da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba dintsin takin dabbobi, gara ta biyo takin ta buɗe hanyoyi, ruwa ya taru ya nutse. Ka ga a can an taɓa ƙasa, amma a wurin da za a shuka kawai. Tambayar da ta dace ita ce mene ne yake hana ruwa shiga ƙasar, sannan a zaɓi aikin da zai warware shi.

Ina kuma tunatar da Malam cewa dangin wake ba su tsaya ga abin da ake shukawa ba. Gawo ɗan gidansu ne, yana kama naitirojin, yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka take son rana, yana ba dabbobi 'ya'ya da inuwa da rani su bar kashinsu a gindinsa. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma ga sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi maimakon sarewa, kuma yau miliyoyin hekta sun sake samun itatuwa ta wannan hanya. Tarakta ba ta son itace a gona, wannan ma wani dalili ne na rage ta.

Mai Kiwo daga Bichi ta amsa:

Ina gaishe da malamai, kuma ina da ja a kan abu guda. Ana ta cewa a bar kara da harawa a gona, kamar ba su da mai su. A gidajenmu harawar wake da ta gyaɗa su ne abincin tumaki da awaki daga kaka har faɗuwar ruwa, kuma idan bazara ta yi nisa damin harawa kuɗi ne masu kauri, wani lokaci abin da manomi yake samu a harawa yana gogayya da abin da ya samu a ƙwayar waken. Kara kuma shi ne danga, shi ne makamashi. Wanda ya bar su a gonar da ba ta da shinge, ya bar wa dabbobin wasu ne, ba wa ƙasarsa ba.

Gonakin kewayen Kano an daɗe ana noma su duk shekara ba tare da hutu ba, kuma ba barin kara ne ya riƙe su ba. Ana gicciya wake da gyaɗa a cikin gero da dawa, a kai harawa gida, dabbobi su ci a turke, a tara kashinsu da ragowar abin da suka tattake da tokar murhu da sharar tsakar gida, kafin damina a ɗora a jaki ko amalanke a mayar gona, a ajiye tsibi-tsibi. Abin da ya fita ta ƙofar harawa ya dawo ta ƙofar taki. Inda ake yin asara shi ne idan an sayar da harawar ta shiga mota ta tafi birni, ko an bar takin a fili rana tana dukansa ruwa yana wanke shi. Shawarata ga Malam ita ce, idan yana da dabbobi, ya ciyar da su harawar ya mayar da takin ga gonar da ta fitar da ita, ya fara da wurin da ƙudujin ya fi yawa, domin kowa ya san ƙuduji ba ya son ƙasa mai taki. Ƙaiƙayin waken suya da kututturen masara da ganyen da ya zube, waɗanda ba su da kasuwa sosai, su ne za a iya bari a gona.

Manomin Giwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tambayi maƙwabcina, kuma kamar yadda Baba ya yi hasashe, tumɓuke waken ya yi, a bakin titi aka sussuke, bai kuma sa supa ba. Muna da shanun huɗa biyu da 'yan tumaki, saboda haka maganar Hajiya ta shafe ni kai tsaye. Abin da ya rage mini shi ne, gidanmu da masarar nan muke ci, ba zan iya mayar da hekta uku duka waken suya a shekara guda ba. Ta yaya zan raba gonar?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Ba a ce ka mayar da ita duka ba, Malam, kuma bai ma kamata ba, domin farashin waken suya yana hawa yana sauka. Ka raba ta gida uku. Hektar gabas mai ƙuduji ta karɓi waken suya bana, tsakanin tsakiyar Yuni da farkon Yuli, da supa da garin bakteriya, a shuka shi a matse domin ya rufe ƙasa da wuri ya danne ciyawa. Baɗi kuma ta karɓi gyaɗa ko wake, wanda zai ba shanunka harawa. Sauran hekta biyun su ci gaba da masara bana, ka nemi iri mai jure ƙuduji, ka kai takin turke can inda ƙasa ta fi fari, kuma ka raba yuriyar kashi biyu kana binne ta a gefen gindi maimakon watsawa a sama. Idan masarar mai saurin nuna ce, kana iya soka wake a tsakaninta wajen watan Agusta, ya ci sauran danshin bayan an karya ta. A damina ta uku masara ta koma gabas, wake ya matsa zuwa hekta ta gaba.

Gwajin rodin da ɗalibinmu ya faɗa ka yi shi da ruwan farko, kafin ka biya kuɗin kowace tarakta. Ka kuma bar kunya biyar ko shida a gefen hektar gabas kana noma su yadda ka saba, masara bayan masara, domin a damina ta uku ka auna buhunan da suka fito daga kowane ɓangare a kan tsawon kunya iri ɗaya.